Takardun Maƙwabcinmu na Sama

Ku matso nan kusa, ku kife wayoyin nan a kan tabarma, ku ara mini kunnuwanku kafin a sha ruwa. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce, ko da ya zo da irin tafiyarta. Da idona na gani, da hannuna na yi.

Bana azumi ya sake faɗowa cikin dogayen ranaku. Tun hantsi nake jin mitarku, wannan ya rungume fanka, waccan ta buɗe firigo tana kallon kwalaben ruwa kamar mai gaida surukai. Ban ce ba ku da gaskiya ba, rana in ta tsaya a kan benayen Clichy kamar an ɗaure ta da igiya take. Amma shi azumi matafiyi ne, yana ratsa sanyi ya ratsa zafi, sai ya shekara talatin da 'yan kai kafin ya dawo masaukin da ya bari. Wancan karon da ya sauka a irin waɗannan ranaku ina Lyon, ina goye da uwarku, ban cika shekara a ƙasar nan ba.

Ɗakinmu ɗaya ne, hawa na biyar, a wani tsohon gida na unguwar Guillotière, ba nisa da kogi. Babu asansar, wato injin hawa bene, ƙafa ce. Famfo ɗaya ne a kan matakala, mu da wanda ke sama da mu muke ɗiba. Kakanku, Allah ya jiƙansa, lokacin an sallame su daga masana'anta, ya fara ɗauko shadda da atamfa daga kasuwar Barbès ta Paris yana bin gidajen 'yan ƙasa da su. Abinci akwai, ba zan yi wa Allah butulci ba, amma ba namu ba ne: burodi, dankali, makaroni. Wanda ya tashi a Damagaram kuwa, in bai ga gero ba, cikinsa ba ya yarda an sha ruwa.

Yaya Mariama ce ta nuna mini inda ake samun gero. Matar abokin cinikin kakanku ce, 'yar Maradi, tana hawa na biyu. Ta yi lakwal, wato boko, aji huɗu, tana jin Faransanci, bakinta kuma ba ya jiran a ba shi izini. Shagon mai sayar da tsuntsaye ta kai ni, don a can gero abincin kanari ne. Da muka koma karo na uku mai shagon ya tambaya tsuntsaye nawa muke kiwo haka. Ta ce masa, "Biyu ne, Misye, amma manya. Ɗaya har da gemu."

Ga yadda yininmu yake tafiya. Da hantsi in share matakala tun daga sama har ƙasa, in ja pubel, wato gwangwanin shara, in kai bakin titi. Aikin Madam Odet ne, mai kula da gidan, amma gwiwoyinta sun gaji, ni kuma ina son makullin ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ke hannunta. Can muke daka, don ran da na gwada turmi a sama, mutumin hawa na huɗu ya yi ta dukan rufinsa da sandar tsintsiya har uwarku ta farka. Ɗakin ƙasan akwai sanyi, akwai warin gawayi. Ƙaramin turmi ne da Yaya Mariama ta ƙunso cikin kayanta daga Maradi, mu sa taɓare biyu muna lugude a hankali kamar ɓarayi. Mu surfa, mu wanke, mu shanya a tsakar gida, ɗaya ta zauna korar tattabaru. Tsamiya babu, sai lemun tsami. Nono babu, sai yawur. Wake mu jiƙa, mu murje, mu niƙa da ɗan injin hannu har kafaɗa ta yi tsami.

Da azahar gari ya zama tanda. Kwalta ta yi laushi tana kama takalmi, bangon ɗaki in ka jingina sai ka ji kamar bayan mai zazzaɓi. In jiƙa zane in rataya a taga, kafin in idar da salla ya bushe. A gida in la'asar ta yi, rana ta fara sunkuyawa, zuciya ta samu abin riƙewa. A nan ƙararrawar coci ta buga bakwai, ta buga takwas, ta buga tara, sama na nan fari fat, tsattsewa na kuka suna zagaya rufin gidaje. Ba ladan. Kakanku ya sa agogo a gabansa da 'yar takardar lokuta da aka ba shi a masallaci, mu kuwa idonmu a kan bakinsa.

Sama da mu, a ɗakin ƙarƙashin rufi inda dā ake kwantar da barori, akwai wani dattijon Bature, Misye Balint. Dogo ne, siriri, kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Ko a wannan zafi da kwat yake fita. In mun haɗu a matakala sai ya manne da bango ya ɗaga hula ya ce, "Madam," kamar matar gwamna ce ke wucewa da bokiti. Uwarku da ba ta yarda da kowa, shi take miƙa wa hannu daga bayana.

Ran ɗaya ga azumi na zuba kunu a kwano, na ɗora ƙosai a murfi, na ce kakanku ya kai masa.

Ya ce, "Hawa, mutumin nan fa ba ya azumi."

Na ce, "Malam, hancinsa ma ba ya azumi. Tun la'asar ƙamshin mai ke hawa wurinsa."

A gidanmu ba a soya abu maƙwabci ya ji ƙamshi bai ga kwano ba. Washegari kwanon ya dawo a wanke, da 'ya'yan itace jajaye a ciki, waɗanda kuke kira seriz. Kullum haka, kwano ya hau da kunu ya sauko da wani abu, ko da ƙwayar sukari biyu ce.

A bakin famfo kakanku ya ji labarinsa, gutsure-gutsure. In zai yi maganar ƙasarsu, Hongiri, sai ya buɗe ruwa ya bar shi yana zuba, ya rage murya. Kakanku ya ce masa wannan ai ɓarna ce. Dattijon ya ce a can bango yana da kunne, ƙarar ruwa ce ke kurmantar da shi, hannunsa ne ya saba. Bai kai shekara talatin ba yake koyar da lissafi a babbar jami'arsu. Shekarar da mutanen birninsu suka tashi, tankokin yaƙi suka shigo suka kwantar da su, aka kawo masa takarda da sunayen ɗalibansa aka ce ya sa hannu su ne suka zuga jama'a. Ya ce bai gani ba. Aka kulle shi. Da aka sake shi aka ce ba shi ba allo, ba shi ba alli, kuma ba mai buga ko layi ɗaya da sunansa. Ya yi shekaru yana ɗaukar bulo, can ya baro kafaɗar. Sai da kansa ya yi fari aka bar shi ya fita. A Lyon gyaran kurakuran littattafan makaranta yake yi wa wani mai ɗab'i, abin burodi. Amma aikin zuciyarsa wata tambaya ce guda ta lissafi, wadda ya fara warwarewa a kurkuku cikin kansa, ba takarda ba alƙalami.

Da na ba Yaya Mariama labari ta riƙe haɓa. "Shekara kusan talatin shina lissafi guda bai gama ba? Allah shi kiyaye a ba shi tsaron kanti."

Ran goma ga azumi Misye Balint da kakanku suka shiga jirgin ƙasa ɗaya zuwa Paris. Kakanku zai yi kwanaki a Barbès yana jiran kayan salla. Shi kuwa Misye Balint ya sa farar riga, ya rungumi jaka cike da takardu, zai kai wa wani babban malamin lissafi aikinsa. Bayan kwana biyu ya dawo shi kaɗai. Na ji takunsa a matakala, taki ɗaya ya huta, taki ɗaya ya huta. Daga baya muka ji abin da ya faru. Malamin ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi kujera, ya duba aikin, sa'an nan ya tashi ya ɗauko wani littafi a kanta ya buɗe masa. Hanyar da yake sara shi kaɗai cikin daji, wasu sun riga sun sare ta sun shimfiɗa mata kwalta tun yana ɗaukar bulo. Labarin ne bai tsallaka iyakar ƙasarsu ya same shi ba.

Washegari da na je jan pubel, na ga takardu a ciki, dunƙule-dunƙule, tsakanin kawunan kifi da ɓawon kankana. Na buɗe ɗaya. Ni ban san baƙi ba, har yau ban sani ba. Amma na ga gidaje murabba'i, kowane gida da lambarsa a ciki, na ga wasu haruffa masu ƙugiya da ba irin na jikin shaguna ba. Mahaifina malami ne a Damagaram, irin wannan hatimi yake zanawa a allo. Ina ƙarama na taɓa taka guntun takarda a zaure, innata ta kai mini mari ta ce, "Kin san abin da ke ciki? In da sunan Allah fa?" A wurinmu rubutu ba ya kwana a juji. In ya tsufa a ƙone shi a wuri mai tsarki, ko a binne, ko a ɗora shi sama da kai.

Na waiga ba kowa, na tsince su duka na ƙunsa a zane. A ɗaki na goge ƙarnin kifin da ɗanyen tsumma, da yake da fensir aka rubuta bai zuba ba. Na shanya su a igiya daban, nesa da kayan uwarku. Da suka bushe na ɗora ƙyalle na bi su da ƙarfen guga har suka miƙe, na ɗora a saman kabad. Niyyata bayan salla in ƙone su in zuba tokar a kogi. Ban ga abin faɗa wa kowa ba, kamar yadda ba ka shelar ka kau da ƙaya daga hanya. Kashegari ma na samu wasu, jibi ma haka. Ashe Misye Balint ne yake zubar da abin cikin jakarsa kaɗan-kaɗan, hannunsa ya kasa yi gaba ɗaya.

A kwana na huɗu ina durƙushe a tsakar gida, ina miƙar da wata takarda a gwiwata, na ji ido a kaina. Na ɗaga kai. Yana tsaye a tagar matakala yana kallona ina cusa ta cikin zane. Na yi masa murmushi. Bai ɗaga hula ba. Fuskarsa ta yi fari kamar alli, ya ja da baya, na ji gudunsa yana hawa, tsoho da shi.

Tun tafiyar kakanku ba na tsayawa a ƙofarsa, mace ba ta tsayawa ƙofar namiji maigidanta ba ya gari. In ajiye kwano a matakalar ƙarshe, in ƙwanƙwasa, in sauko da sauri. Ran nan na ajiye. Da safe na same shi yadda na bar shi, kunun ya yi tsami, ƙudaje sun rufe ƙosan. Na ji an ja kujera a sama an tokare ƙofa. Daga tsakar gida na hangi 'yar tagarsa ta rufi, guda ɗaya tak da iska ke shiga, ya rufe ta ya toshe da bargo.

Na bi kaina da tambaya. Ko yaji ya yi yawa? Ko kukan uwarku ne ya dame shi? Yaya Mariama ta ce, "'Yar Damagaram, mi ya dame ki? Bature ne, haka suke, yau fara'a gobe bango. Ki kawo mini ƙosan, ni ba ni fushi da abinci."

Amma ni ce ke ƙarƙashinsa. Rufina shi ne daɓensa, duk takunsa a kaina yake. Kuma na san ba famfo a ɗakinsa, 'yar buta ce ɗaya yake cikawa a namu, ga shi bai sauko ba. A makon ne zafin ya kai maƙura. Iska ta tsaya cak, kogi ya ja baya yana wari, man gyaɗa a kwalba ya yi ɗumi kamar an sauke shi daga wuta. Mu a hawa na biyar numfashi da ƙyar, ina ga wanda rufi ke taɓa kansa. Ran farko na ji shi yana kai da komo tun safe har yamma. Ran na biyu sau uku na ji takunsa. In na kai kofi bakina da shan ruwa sai in tuna akwai mai ƙishi sama da kaina wanda ba ladan da zai kwance shi. Ran na uku, daga asuba har azahar, ban ji komai ba.

Na sauka wurin Yaya Mariama na ce ta taso. Muka je wa Madam Odet. Ta ce ba wata magana, a kira pompiye, wato 'yan kwana-kwana, su fasa ƙofa. Yaya Mariama ta ce gaskiya ne. Ni kuma na tuna abin da kakanku ya gaya mini, yadda aka zo ɗaukarsa a ƙasarsu. Na ce, "Yaya, gaya mata, mutumin da masu manyan takalma suka taɓa fasa wa ƙofa, in suka sake, ko sun same shi da rai gawa za su fitar. Ta ba mu lokaci." Madam Odet ta dube ni ta dubi agogo, ta ce in ƙararrawa ta buga shida ƙofar na rufe, za ta kira su.

Muka hau. Kowane hawa ya fi na ƙasansa zafi. A matakalar ƙarshe na tsaya, kunya ta riƙe ƙafata. Yaya Mariama ta ce, "In Malam ya yi faɗa ki ce ni na jawo ki. Taho."

Ta buga. Shiru. Ta sake bugawa ta kira sunansa. Can muka ji murya kamar ana jan busasshen kara a ƙasa. Ya yi magana mai ɗan tsawo. Na ga Yaya Mariama ta saki baki.

Na ce, "Me ya ce?"

"Ya ce ki koma ki faɗa wa waɗanda sunka aiko ki ba sauran komi, duk kin kwashe. Ya ce tun yaushe kike musu aiki, tun kwanon farko?" Ta juyo ta dube ni. "Hawa, mi kika kwashe wa wanga mutum?"

A nan na gane. A ƙasarsu ma akwai masu tsince masa takardu daga shara, su miƙe su, su kai inda ake tara laifin mutum. Kuma maƙwabta ake sawa, masu fara'a, masu kawo abinci. Ni da nake tsare masa alfarmar rubutu, ni ce na kulle shi a tanda.

Na sauka na sauko da ƙunshin daga saman kabad, na ɗora a kai na hau da shi. Na durƙusa a ƙofar, uwarku na barci a bayana, na zaro takarda ɗaya na tura ta ƙarƙashin ƙofa. Na zaro ta biyu na tura. Na ce, "Yaya, faɗa masa ga kayansa, ko ɗaya ba ta bar gidan nan ba. Faɗa masa ubana malami ne. Faɗa masa a garinmu ba a barin rubutu cikin ƙazanta." Tana faɗa ina turawa, ɗaya bayan ɗaya, gumi na ɗiga daga haɓata ina kare shi da hannu kada ya taɓa su. Ba abin da ake ji sai sautin takarda a kan katako. Da ƙunshin ya yi rabi, na ji an ja wadda na tura tun kafin in sake ta.

Muryar ta sake fitowa, kusa da ƙofa yanzu. Yaya Mariama ta ce, "Shina tambaya wa ya karanta su."

Ba ta jira ni ba ta ba shi amsa, ta juyo ta ce, "Na ce mishi ko sunanki aka rubuta a goshin jaki ba ki gane shi."

Sai ya sake tambaya, me ya sa suka yi sumul haka. Ta ce masa guga aka yi musu.

Sa'an nan wani sauti ya taso, mun kasa sanin dariya ce ko kuka. Kujera ta motsa, kaɗan, ta tsaya, ta sake motsawa. Ƙofa ta buɗe, zafin ɗakin ya buge mu kamar an buɗe murfin tukunya. Yana zaune a ƙasa ya jingina da bango, leɓunansa sun tsage, idanunsa sun faɗa, takardun na zube a cinyarsa.

Yaya Mariama ta fizge bargon ta buɗe taga. Ni na ruga famfo na ciko kwano. Ba ya iya riƙewa, ni na riƙe masa. Ban taɓa sanin ruwa yana da ƙamshi ba sai ran nan. Harshena kamar fatar jima, sanyin kwanon na ratsa tafin hannuna, ina jin kowane kurɓi yana wucewa a maƙogwaronsa, rana kuwa ko niyyar sauka ba ta yi ba. Zai shanye gaba ɗaya na janye, kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake yi wa wanda aka tsinto a daji. Muka jiƙa zane muka ɗora masa a kai da wuya. Na dama farau-farau da gari da ɗan gishiri da sukari na ba shi da cokali. Ƙararrawa ta buga shida Madam Odet na hawowa da gwiwoyinta, tana haki tana zagi, da ta leƙo ta gan shi zaune sai ta zauna ita ma a matakala ta fashe da kuka.

Da ya samu murya ya ɗaga takarda ɗaya ya shinshina, ya yi magana. Yaya Mariama ta yi dariya ta ce, "Ya ce na can ma sun adana mishi takardu shekara da shekaru, su ma ba su iya karantawa ba, amma ba wanda ya taɓa yi musu guga." Ya ƙara da cewa in kwantar da hankalina, lambobi ne kawai, kuma lambobin da aka riga shi, ba sunan Allah a ciki.

Na ce, "Faɗa masa ni ban sani ba. Amma mutum ya ƙi yin ƙarya a kan yaran mutane, ya zauna shekara talatin yana neman gaskiyar abu ɗaya, ban yarda abin da ya rubuta na juji ba ne. In ba ya so ya ba ni in ƙone yadda ya kamata."

Bai ba ni ba. Ya tattara su ya daidaita bakinsu a gwiwarsa, ya ce zai yi tunani.

Kashegari da la'asar hadari ya haɗo daga bayan tudun birnin, baƙi ƙirin. Iska ta fara kaɗa tagogi, sa'an nan ruwa ya kece. Ƙamshin jiƙaƙƙen dutse ya cika matakala, ba irin na ƙasarmu ba, amma ya isa. Na miƙa hannu ta taga ruwan na dukan tafina, na ji a sama shi ma ya buɗe tasa.

Kakanku ya dawo kwana biyu bayan haka. Na ba shi labari duka tun kafin ya ajiye jaka, har da tsayuwata a ƙofar. Ni ina jiran faɗa. Sai ya ce, "Da kin gaya mini zancen takardun tun farko." Ya ɗauki askarsa ya hau. Bayan sa'a guda suka sauko tare, an yi wa dattijon gyaran fuska, kakanku na riƙe da gwiwar hannunsa. Daga ranar har salla a tabarmarmu yake shan ruwa. Ƙafafunsa ba sa naɗuwa, sai ya miƙe su har bakin ƙofa. In na miƙa masa kofi tun da rana ba ya karɓa, sai ya nuna agogon kakanku, ya jira tare da mu. Ran salla ya sa kwat ɗinsa ya raka mu har ƙofar masallaci, ya tsaya a waje riƙe da uwarku.

To, ga inda kowa ya ƙare.

Madam Odet ta koma ƙauyensu wurin ɗiyarta, ta bar mini makullin ɗakin ƙasa, wanda ya gaje ta ya karɓe. Yaya Mariama ta yi shekara goma sha wani abu ta koma Maradi, ta yi aikin hajji, ta aurar da jikoki, har yau in ta kira ni a waya sai ta tambaya ko na buɗe shagon gugar takardu. Kakanku ya samu rumfa a Barbès muka dawo Paris, sauran labarinsa kun sani, a gabanku ya cika. Uwarku da ke barci a bayana ga ta can a kicin tana soya muku abin da kuke jin ƙamshi. Ni kuwa ga ni, haƙora sun tafi, azumi bai tafi ba.

Misye Balint bai ƙone takardun ba, bai kuma zama sananne ba. Cikin abin da ya zubar akwai wani ɗan reshe da masu kwaltar ba su bi ba. Malamin Paris ya taimaka aka buga shi, 'yan shafuka kaɗan, da sunansa a sama. Ya sauko ya ɗora yatsa a kan sunan ya nuna mini, ni tururuwa kawai na gani, amma na yi masa barka. Da mulkin ƙasarsu ya sauya aka aiko masa wasiƙa, aka mai da masa muƙaminsa, yana tsoho tukuf. Ya je ya tsaya gaban allo sau ɗaya, gaban yaran da ba su taɓa jin sunansa ba. Bayan mako uku ya dawo Lyon, ya ce abincin ƙasarsu na nan yadda ya bari, barci ne ya ƙi zuwa masa a can.

A ɗakin nan na sama ya rasu, cikin sanyi, mun riga mun bar gidan. Wata Balarabiya da ta gaji ɗakinmu ce ta ji shiru ya yi yawa a kanta, ta hau. Da muka je jana'iza kakanku ya tambaye ta ko sai da aka kira pompiye. Ta ce a'a, ba a fasa komai ba. Ta ce tun da ta tare a gidan ba ta taɓa ganin ƙofar nan a kulle ba, ran nan ma turawa kawai ta yi.